Ƙarin Ilmi ga Ma'aikatan Jami'a: Haƙƙin Kowa Ne

Duk wanda ya saba da birnin Zazzau ya san cewa, da gari ya waye, akwai jama'a masu fitowa daga unguwannin da ke daura da Ƙofar Kuyambana, su ratsa gari su fita ta Ƙofar Doka, wasu su tsaya a Kongo, wasu su zarce Samaru ko asibitin Shika, domin kama aiki a Jami'ar Ahmadu Bello. Kuma da yawa daga cikinsu ba masu tsayawa gaban ɗalibai ba ne, akawuna ne, da ma'aikatan ɗakin karatu, da masu kula da na'urorin ɗakin gwaje-gwaje, da direbobi. Su ne ake mantawa idan an zo maganar ƙaro ilmi.

Alhali kuwa wannan birni, wanda ya yi suna a nahawu da lugga har almajirai suna yo takakka daga nesa zuwa zaurukan Juma da Ƙona, bai taɓa ɗaukar neman ilmi abin da ake sauke shi a huta ba, domin malamin da ya biya wa ɗalibansa karatu da hantsi, shi ne bayan la'asar zai ɗauki littafinsa ya durƙusa gaban wanda ya fi shi. Jami'ar da aka buɗe a 1962 ta bi wannan sunna a farkon al'amarinta, musamman a zamanin Ishaya Audu, wanda ya shugabance ta daga 1966 zuwa 1975, lokacin da akan riƙe ɗalibin da ya yi zarra a raine shi har ya zama malami. A nan Yusufu Bala Usman ya rubuta kundinsa na tarihin Katsina a ƙarƙashin Abdullahi Smith. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, littattafai suka daina zuwa, manyan malamai suka yi ta hijira, sai da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, a shugabancin Attahiru Jega, ta cim ma yarjejeniyar 1992 da gwamnati, wadda ta haifar da asusun harajin ilmi a 1993, inda a lokacin kamfanoni ke ba da kashi 2 cikin 100 na ribarsu. Shi ne ya koma TETFund a 2011, kuma da kuɗinsa malamai masu yawa suka sami digiri na biyu da na uku.

Fa'idar wannan asusu ba ta ɓoyuwa, amma rabon, a ganina, ya karkata. In an sayo na'ura mai tsada, aka tura malami ƙetare ya koyo binciken da ake yi da ita, aka bar wanda zai kunna ta ya gyara ta bisa ilmin da ya samu tun yana saurayi, to, wallahi an yi asarar dukiyar jama'a. Haka akawun da aka ɗora wa kwamfuta ba tare da horo ba, shi ne ɗalibi zai zaga ranar da sakamakonsa ya ɓace. Wai ma an manta cewa Kongo, tun 1947, makarantar horas da akawuna ce, kafin a san za a yi jami'a?

Saɓanin ƙungiyoyi ya ƙara dagula lamarin. A 2022 ASUU ta yi wata takwas tana yajin aiki, SSANU da NASU, ƙungiyoyin ma'aikatan da ba malamai ba, kuma suka yi nasu daban, kowa da takardar buƙatunsa, duk da cewa abin da suke kuka a kansa, idan aka tace shi, maslaha ɗaya ce: albashi a kan kari, wutar lantarki da ruwa, ƙarin girma bisa cancanta. Abin da ya wajaba ga majalisar gudanarwar kowace jami'a shi ne ta zaunar da waɗannan ƙungiyoyi wuri guda kafin a tsara kasafin horo na shekara, ta kuma shar'anta cewa ba za a sa hannu a sayen wata na'ura ba sai an rubuta sunan ma'aikacin da zai riƙe ta, da inda za a koya masa, da kuɗin koyarwar, duk a cikin takarda ɗaya.