Alkamar da Ke Barin Tsatsa Ta Ci Kaɗan

Duk wanda ya ratsa gonar alkamar da tsatsar ganye ta kama, ƙafar wandonsa ce za ta ba da labari, don jajir za ta fito. Wannan jan garin ƙwayayen wani naman gwari ne da masana ke kira Puccinia triticina. Iska ke ɗaukarsu, wani lokaci daga wata ƙasa zuwa wata. Idan ƙwaya ta sauka a kan ganye ta samu raɓa ta sa'o'i shida zuwa takwas da ɗan sanyi-sanyi, sai ta kutsa ta ƙofofin numfashin ganyen. Cikin kwana 7 zuwa 10 ta fasa fatarsa ta fitar da dubban 'ya'ya. Ba kasafai take kashe shuka ba. Abincin da ya kamata ya tafi zangarniya take sha, sai a yi girbi a tarar da ƙwaya a shanye, buhu ba nauyi.

Feshin magani yana aiki, amma kuɗi ne, kuma ba kowane manomi ke da su a lokacin da ya dace ba. Mafi sauƙi shi ne kariyar ta zo a cikin irin. A 1905 wani Bature a Kambirij, Rowland Biffen, ya nuna cewa juriyar alkama ga tsatsa gadonta ake yi. Daga nan masu kyautata iri suka bazama farautar ƙwayoyin gadon da ke ba da ita. Na tsatsar ganye kaɗai, waɗanda ake yi wa laƙabi da Lr a bi da lamba, yau sun haura 80.

Yawancinsu aikin mai gadi suke yi wanda ya haddace fuskar ɓarawo guda. Da ya hango shi sai ya rufe ƙofa: shukar ta kashe 'yan ƙwayoyin jikinta da ke kewaye da wurin, naman gwarin ya rasa abin ci ya mutu. Ganye ya zauna kore shar, kowa ya yaba. To amma ɓarawon yana haihuwar biliyoyin 'ya'ya, kuma a cikinsu ba a rasa wanda ya fito da wata kama daban. Shi mai gadin ba ya gane shi. Idan kuwa iri ɗaya aka shuka daga wannan gari har wancan, sabon ɓarawon ya samu gonar gado.

Haka ta faru a Meziko. An fitar da iri mai suna Jupateco 73 a 1973, manoman jihar Sonora suka rungume shi saboda yabanya, amma a kakar 1976 zuwa 1977 tsatsa ta ci ƙarfinsa, sai da aka yi ta feshi da jiragen sama. Shi ma Lr9, wanda Ernest Sears na Amurka ya sha wahalar ɗaukowa daga wata ciyawar daji a 1956, bai yi shekaru masu yawa a gonaki ba aka samu tsatsar da ta fi ƙarfinsa.

Ni wanda ya fi burge ni a cikinsu shi ne wanda ba shi da kwarjini ko kaɗan, wato Lr34. Ya shahara ne ta hanyar Frontana, wani tsohon irin Burazil na shekarun 1940 da ya shiga jinin alkamar da Norman Borlaug da abokan aikinsa suka yi ta haɗawa a Meziko. Alkama mai Lr34 tana kamuwa da tsatsa, wannan ba a ɓoye yake ba. Sai dai ƙurajen ba su da yawa, ƙanana ne, kuma suna jinkirin fashewa, ta yadda kafin cutar ta yi ƙarfi zangarniya ta riga ta cika. Sai shuka ta girma ma yake fara aiki sosai, har yakan sa bakin ganye ya bushe, abin da mai kallo daga bakin hanya zai ɗauka ƙishirwa ce. Ga shi fiye da shekara 70 ana noma shi a nahiyoyi daban-daban, tsatsa ba ta karya shi ba. A 2009 masana daga Jami'ar Zurik, da na Ostireliya, da na cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT suka gano ainihin ƙirarsa, suka ga ba ruwansa da gane fuskar kowa. Shi ya sa yake rage tsatsa mai ruwan ɗorawa da farar funfunar ganye duk a lokaci guda.

Shi kaɗai ba ya isa a shekarar da cuta ta yi tsanani. Ravi Singh na CIMMYT da tawagarsa sun nuna cewa idan aka tara irinsa huɗu ko biyar a shuka guda, kamar Lr46 da aka samu a Pavon 76 da Lr67, kariyar takan kusa zama cikakkiya. Aiki ne mai cin rai, don kowannensu tasirinsa kaɗan ne, da wuya ido ya rarrabe.

Mu a nan, alkamar rani da ake shukawa daga tsakiyar Nuwamba a Kadawa, Haɗejiya da Bakolori tana cin albarkacin bushewar hunturu, don tsatsa ba ta son ganye busasshe. Ba kamar tsaunukan Habasha da Kenya ba, inda danshi ke riƙe ta kusan duk shekara. Amma jinin alkamarmu daga can Meziko yake. Siete Cerros da Seri M82, waɗanda manomanmu suka daɗe da sani, duk 'ya'yan can ne, kuma Seri M82 yana ɗauke da Lr26, mai gadi irin na farko da aka aro daga hatsin rai, wanda tsatsa ta riga ta karya a ƙasashe da dama. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ce ke da alhakin tace irin alkama a Najeriya. Yanzu da ake maganar noman alkamar damina a tudun Jos da Mambila, inda raɓa da hazo ke kwana a kan ganye, abin da zan so in ji game da kowane sabon iri shi ne ƙwayoyin juriya nawa yake ɗauke da su, kuma wane kala ne.