Albashin Jinya: Abin da Doka ta Ɗora wa Masu Kamfanoni da Makomar Ƙungiyoyin Ƙwadago

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda asalinta dokar soja ce ta 1974, ta wajabta wa mai kamfani ya biya ma'aikacinsa albashin kwana 12 na aiki a kowace shekara in rashin lafiya ta hana shi zuwa aiki. Sashe na 16 ya gindaya sharuɗɗa: likita mai rajista ya shaida cutar, yarjejeniyar aiki tana nan daram, kuma ma'aikacin ya yarda likitan da kamfani ya zaɓa ya duba shi in an nemi haka.

Kwana 12 ba su taka kara sun karya ba ga mai fama da tarin fuka ko wanda aka yi wa tiyata. Bugu da ƙari, dokar ba ta shafi manajoji da ƙwararrun ma'aikata ba. Waɗannan abin da takardar ɗaukarsu aiki ta ƙunsa shi ne madogararsu. Saboda haka duk wani ƙari bisa kwana 12 ɗin, galibi a teburin ciniki ake samo shi, tsakanin ƙungiyar ƙwadago da ƙungiyar masu kamfanoni.

A nan ne gizo ke saƙa. Lokacin da aka kafa NLC a 1978, an haɗe ɗaruruwan ƙungiyoyi zuwa 42, ana kuma cire kuɗin ƙungiya daga albashi kai tsaye. Gyaran dokar da aka yi a 2005 ya mayar da shiga ƙungiya ganin dama, ya kuma buɗe wa TUC ƙofa. Rufe masaƙun Kaduna da Kano ya kwashe dubban mambobi. Kamfanoni da yawa kuwa sun koma ɗaukar ma'aikatan wucin gadi ta hannun 'yan kwangila, mutanen da ba ƙungiyar da ke magana da yawunsu, ranar da suka kwanta ciwo kuma ba kwabo.

Wasu masu dukiya na ganin wannan riba ce, amma akwai abin lura. Tun daga gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta zama babbar kotu mai ikon duba yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Nijeriya ta amince da su. Abin da a da ake kashewa da shugaban ƙungiya a ofis, yanzu yana iya ƙarewa gaban alƙali, da kuɗin lauya a kai.

Kada kuma a haɗa albashin jinya da diyyar rauni a wurin aiki. Ita diyya tana ƙarƙashin dokar 2010 ce, wadda ta sa mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF. Biyan wannan bai sauke masa nauyin kwana 12 ɗin ba.