Ko Kun Sani? Ƙugiyar da Ke Riƙe Mutum a Jikin Dutse

Masu wasan hawan duwatsu suna da wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa, mai kama da ƙugiyar masuntan Argungu amma ya fi ta kauri, wanda suke rataya shi a ɗan tudun da bai kai faɗin farce ba a jikin dutsen da ba shi da tsaga, sannan su ɗaura masa tsanin igiya su taka. Wannan dabara ta bunƙasa ne a kwarin Yosemite na Amurka, musamman a dutsen El Capitan mai tsayin kusan mita 900, inda a shekarar 1978 Jim Bridwell da abokansa biyu suka buɗe wata hanya da ta yi suna saboda yawan dogaro da irin waɗannan ƙugiyoyi.

Nauyin mahayi ne kaɗai ke danne ƙugiyar a wurinta, don haka da zarar ya wuce sama, motsin igiya na iya ɗage ta ta faɗo. Wannan ne ya sa masu barin ta a matsayin kariya, wato abin da zai tare igiya idan mahayi ya zame, suke manne ta da salatif ko su ɗaure ta da wata igiyar da ake ja daga ƙasa. Ko da an yi haka, fizgar faɗuwa tana iya miƙe ƙarfen ko ta ɓalle gefen dutsen, shi ya sa ƙwararru ba sa dogara da ita sai in babu wata mafita.