Zakka da Wakafi a Ƙasar Bakolori: Sana'ar da Ke Ciyar da Talaka Ta Kuma Raya Ƙasa

Muna so mu bayyana wa masu fitar da zakka da masu yin wakafi dalilin da ya sa gidauniyarmu ta mayar da hankali ga sana'o'in da ke ciyar da talaka ba tare da sun kashe ƙasar da yake ci daga gare ta ba, musamman a Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Allah bai hana wa wannan yanki ruwa ba. A 1978 aka kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, da nufin shayar da kadada 23,000 don noman rani. Sai dai iyalai da yawa sun rasa gonakinsu, har rikicin diyya na 1980 ya ci rayuka. Daga baya na'urorin feshin ruwa suka tsaya saboda rashin wuta da gyara, laka da ciyawa suka toshe magudanai, noma ya ja baya ƙwarai kafin zuwan shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014. Darasin da muka ɗauka shi ne, duk aikin da ba a tanadar masa kuɗin gyara ba, ajalinsa gajere ne.

A nan ne hikimar wakafi take. Zakka haƙƙi ce da ake mallaka wa ɗayan jinsuna takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, don haka ba ma riƙe ta a matsayin jarin gidauniya. Shi kuwa wakafi, ana tsare asalinsa a ciyar da amfaninsa, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibara, Sayyidina Usman kuma da rijiyar Ruma. Malaman fiƙihu sun gabatar da gyaran abin wakafi a kan rabon amfaninsa. Saboda haka muka raba aiki gida biyu: zakka ta ɗauke wa manomi yunwar iyali har amfani ya nuna, don kada ya sayar da shinkafarsa tun tana gona, wakafi kuma ya samar masa da kayan aiki masu ɗorewa.

Kayan da muka fi ba wa fifiko uku ne. Na farko, injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin fetur yake cinye ribar ƙaramin manomin fadama. Na biyu, gidajen rainon itatuwa irin su mangwaro da zogale da darbejiya, waɗanda ke ba matasa aiki, su kuma tare zaizayar ƙasa. Na uku, kayan sana'ar mata: turara shinkafa, busar da tumatur da tattasai, da mayar da ɓuntun shinkafa makamashin girki maimakon sare itace. Kowane kaya yana zama mallakar wakafi, masu amfani da shi su riƙa biyan ɗan kuɗin haya da za a ware don gyara.

Yawon buɗe ido ma yana da gurbi. Tafkin Bakolori da masuntansa da kasuwar Talata ta Mafara abubuwa ne da za su iya jawo ɗalibai da baƙi, masu kwalekwale da masu abinci da masu saƙa su samu ciniki. Amma ba za mu ɓoye gaskiya ba: yankin da aka sace 'yan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021 ba zai ga baƙi ba sai tsaro ya dawo. Don haka ba mu zuba dukiyar amana a masaukin baƙi ba tukuna. Mun fara da dasa itatuwa da koyar da sana'a, domin matashin da ke da abin yi ya fi wuyar ruɗuwa da kiran daji.

Ma'aunin nasararmu ɗaya ne: wanda ya karɓi zakka bana ya zama mai fitar da ita nan da 'yan shekaru. Idan hatsinsa ya kai nisabi, wato sa'i 300, zai fitar da ushuri in ruwan sama ne ya shayar, ko rabin ushuri in da inji ya shayar, wani mabuƙacin ya amfana.

Muna kira ga masu hali da su yi wakafin gona ko rijiya ko inji, ko da kuwa haɗa hannu za su yi. Allah Ya karɓa daga gare mu da ku, Ya dawo mana da zaman lafiya, amin.