Sauya Aksul a Tsofaffin Motocin Ɗaukar Amfanin Gona

A fadamar Jere, musamman yankin Zabarmari, tsofaffin akori-kura ƙirar Land Cruiser da Hilux na daga cikin motocin da ke fitar da shinkafa daga gona zuwa Maiduguri. Nauyin buhuna da taɓo sukan lanƙwasa aksul, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafafun mota biyu. Da yake sabo yana da tsada, akan ciro na wata tsohuwar mota a ɗaura. Wannan ba laifi ba ne, muddin ka auna kafin ka biya kuɗi.

Abin da za ka fara dubawa shi ne haƙoran giyar da ke cikin aksul. A raba adadin haƙoran babban faifai da na ƙaramin da ke juya shi: 37 da 9 suna ba da 4.11, 43 da 10 kuwa 4.30. Wajibi ne lissafin aksul na gaba da na baya ya zama ɗaya. Idan ka haɗa 4.11 da 4.30, ba za ka ji komai ba matuƙar ƙafafun baya kaɗai ke jan motar. Ranar da ka sa giyar ƙafa huɗu, a kowace mita 100 ƙafafu biyu za su nemi wuce sauran da kusan mita 5. Cikin taɓo taya takan sulɓe ta rage wannan jayayya, amma a busasshiyar hanya haƙoran giya ko farfela ne za su karye. Kuma kowa ya sani, halin tsaro bai ba manomin Zabarmari damar kwana a daji yana jiran bakanike ba.

Ba sai an kwance ba za a iya gwadawa. Ka ɗaga ƙafa ɗaya da jak, ka shafa alli a farfela, ka juya tayar sau biyu cif, kana ƙirga juyin farfelar. Huɗu da ɗan ɗoriya kaɗan 4.11 ke nan. Huɗu da kusan sulusi, 4.30. A ganina wannan ya fi rantsuwar mai sayarwa amfani.

Sunan mota kaɗai ba ya wadatarwa. A shekarar 1999 kamfanin Toyota ya sauya akori-kurar Land Cruiser daga noti shida zuwa biyar a kowace ƙafa, ya kuma sauya sifirin na gaba. Don haka a auna faɗin aksul da mazaunin sifirin, a kuma duba mahaɗar birki.

Tun bayan ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumba 2024, wadda ta shanye motoci da dama a Maiduguri, ya kamata malamin gona ya riƙa jan hankalin manoma su tsiyaye man giya kafin ciniki. Idan ya fito fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga, kuma mai yiwuwa boris ya yi tsatsa.