Gwajin Cutar Hapis: Wanne Ya Kamata a Yi, Kuma Yaushe?

Mutane da dama, idan ƙuraje masu ruwa suka feso musu a leɓe ko a al'aura, sai su wuce kemis su ce a ba su maganin sanyi. Ƙurajen su bushe, a ɗauka magani ya yi aiki, bayan 'yan watanni su sake dawowa. Sau da yawa cutar hapis ce, wadda ƙwayar bairos ke haddasawa. Iri biyu ce: HSV-1 ta fi fitowa a baki, HSV-2 kuma a al'aura, ko da yake kowacce na iya bayyana a wurin 'yar'uwarta. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ta farko, miliyan 520 kuma masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ta biyu. Mafi yawansu ba su sani ba.

Duban ido kaɗai bai isa ba, domin tunjere da wasu cututtuka ma suna fitar da gyambo a al'aura, kuma maganinsu daban ne. Shi ya sa ake buƙatar ɗakin gwaje-gwaje. Gwajin da za a zaɓa ya danganta ne da abu ɗaya: akwai ƙurji a jiki yanzu, ko babu?

Idan akwai, ma'aikacin lafiya zai goga auduga a gindin ƙurjin ya ɗebo ruwansa. Mafi inganci shi ne a yi masa gwajin PCR, wanda jama'a suka saba jin sunansa lokacin korona. Na'ura ce ke ninninka sinadarin gadon ƙwayar har ya yi yawan da za a gane shi, ko da kaɗan aka samo, kuma ta bambance HSV-1 da HSV-2. Wannan bambanci yana da muhimmanci, saboda HSV-2 ta fi yawan dawowa a al'aura, kuma tana ninka haɗarin kamuwa da ƙanjamau kusan sau uku. Da PCR ɗin ake auna ruwan ƙashin baya idan ana zargin ƙwayar ta taɓa ƙwaƙwalwa, da shi kuma ake duba jaririn da ake tsoron ya ɗauka wajen haihuwa.

Kafin PCR ya yaɗu, rainon ƙwayar ake yi a ɗakin gwaji a jira kwanaki a ga ko za ta hayayyafa. In ta fito, magana ta ƙare. Matsalar ita ce tana buƙatar ƙwaya mai rai, don haka da ƙurji ya fara bushewa sai sakamako ya ce babu alhali akwai. Akwai kuma tsohon gwajin da likitan fata na Faransa, Arnault Tzanck, ya fito da shi a 1947, inda ake kankaro ƙurjin a duba da madubin likita. Yana da arha da sauri, amma yana kuskure da yawa, kuma ba ya raba hapis da ƙarambau.

Idan babu ƙurji, sai gwajin jini, kuma a nan aka fi samun ruɗani. Wannan gwaji ba ƙwayar yake nema ba, garkuwar da jiki ya ƙera mata yake nema, wato IgG. Kamar ganin sawu ne a tsakar gida: an san wani ya shigo, ba a san yaushe ba, ba a san ta wace ƙofa ba. Garkuwar kan ɗauki har mako 12 kafin ta bayyana, saboda haka wanda ya yi gaggawar gwaji zai iya samun sakamakon da zai yaudare shi. Haka nan idan adadin da aka samu ƙarami ne, yakan nuna akwai alhali babu, sai an tabbatar da wani gwaji na biyu. Gwajin IgM kuwa masana sun hana dogaro da shi, domin ba ya raba sabon kamu da tsoho. Irin waɗannan kurakurai ne dalilin da hukumomin lafiya na Amurka ba su ba da shawarar a riƙa yi wa duk mai lafiya gwajin jinin hapis ba.

Ya kamata ma'aurata su fahimci wannan sosai. Da yawa sun ɗauki HSV-1 tun suna yara ta hanyar sumba a cikin iyali, kuma ƙwayar kan kwanta a jijiya shekaru ba tare da wata alama ba. Takardar sakamako ba hujjar cin amana ba ce, kada a kashe aure a kanta.

Hapis ba ta barin jiki, amma akwai magungunan da ke rage zafinta da yawan dawowarta. Duk wanda ya ga ƙuraje masu ruwa ya je asibiti cikin kwana biyu na farko, kafin su bushe kuma kafin ya shafa musu komai. Mai juna biyu kuwa ta sanar da ungozoma ko likita tun a awon ciki, domin kare jaririnta.