Abubuwan da ke Rage Ingancin Haɗa Bugun Hasken Leza na Zaren Gilashi

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bayyana dalilin da ya sa haske ke salwanta idan aka haɗa na'urorin leza masu yawa na zaren gilashi don su zama haske guda, musamman masu fitar da haske bugu-bugu. Abin da muke nufi da inganci shi ne kason hasken da ya shiga haɗaɗɗen hasken, daga cikin jimlar abin da zarurrukan suka fitar.

Da farko sai mu tambaya, me ya kawo haɗin? Zare guda yana da iyaka. Idan ƙarfin bugu ya kai wajen megawat 4, hasken kan matse kansa cikin gilashin har ya ɓata shi. Dabarar miƙe bugu kafin a ƙarfafa shi, wadda Strickland da Mourou suka fito da ita a 1985, ta sassauta matsalar amma ba ta kawar da ita ba. Saboda haka akan raba bugu guda zuwa zarurruka da dama, a ƙarfafa kowanne, sa'an nan a sake haɗa su.

2.0 Bambancin Taku

Haske igiya ce mai hawa da sauka, kuma matsayinta cikin wannan kaɗawa shi muke kira taku. Kamar sojoji a fareti, dole tozon kowace igiya ya faɗa kan tozon 'yar'uwarta. Tsawon zangon hasken itabiyam kusan nanomita 1030 ne, alhali ɗumin digiri 1 kan sauya hanyar haske cikin zare mai tsawon mita 1 da kimanin zango goma. Don haka akan sa na'ura mai gyara taku a kowane lokaci. Asarar tana bin murabba'in kuskuren: kuskuren kashi 1 cikin 20 na zango yana cin wajen kashi 10 cikin ɗari na hasken, kashi 1 cikin 40 kuwa kashi 2.5 kawai.

3.0 Bambancin Lokacin Isowa

A nan ne leza mai bugu ta rabu da mai haske ba yankewa. Bugu mai femtosakan 300 tsawonsa a iska maikiromita 90 ne kacal. Idan wani ya riga wani isowa da haka, to ba su haɗu ba ke nan, ko da takunsu ya daidaita. Kada kuwa a ɗauka miƙe bugun zai ba da sauƙi, domin faɗin launukan da ke cikinsa shi ne ma'auni, miƙewa kuma ba ta sauya shi. Daɗin daɗawa, idan zare ya fi ɗan'uwansa tsawo aka cike giɓin da tazara a iska, lokacin isowa zai daidaita, amma gilashi yana jinkirta launuka daban-daban, iska kuwa kusan ba ta yi, sai siffar bugun biyu ta saɓa.

4.0 Bambancin Ƙarfi

Idan aka dubi ƙarfi shi kaɗai, illarsa kaɗan ce: ko da haske guda ya ninka ɗan'uwansa, asarar ba ta wuce kashi 3 cikin ɗari ba. Matsalar tana wani wuri. Haske mai tsanani yana sauya gilashin da yake ratsawa, sai tsakiyar bugun ta tara ƙarin taku fiye da gefensa. Alal misali, idan wannan ƙari ya kai radiyan 10, bambancin ƙarfi na kashi 5 cikin ɗari zai haifar da saɓanin rabin radiyan a tsakiyar bugun. Na'urar gyara taku ba ta iya magance wannan gaba ɗaya, tun da gyara guda take yi wa bugun duka. Watau gwargwadon yadda aka matsa wa kowane zare, gwargwadon yadda ƙaramin bambanci ke zama babbar asara.

5.0 Tsarin Haɗawa

Tsari iri biyu ne. A na farko akan ɗora hasken bisa juna ta madubai masu raba haske, kuma dole faɗinsu da alkiblarsu su zo ɗaya. Da wannan tsari masana a Jena ta Jamus suka haɗa zarurruka 12 a 2020, suka sami kilowat 10.4 da bugu mai femtosakan 254, da ingancin kashi 96 cikin ɗari. A na biyu akan jera hasken gefe da gefe kamar saƙar zuma. Yana karɓar zarurruka masu yawa, amma giɓin da ke tsakaninsu yana watsar da wani kaso zuwa gefe. Aikin XCAN na Faransa ya haɗa zarurruka 61 ta wannan hanya a 2020, aka tattara kusan rabin hasken a tsakiya.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa daidaita taku sharaɗi ne na farko kurum. Ingancin haɗi ya dogara ne ga kamannin zarurrukan, a tsawo da ƙarfi da siffar haske, sai sun zama tamkar tagwaye. Shawararmu ga mai tsara irin wannan na'ura ita ce ya fara ƙayyade asarar da zai iya jurewa, ya rarraba ta kan waɗannan sababai, sa'an nan ya yanke ƙarfin da kowane zare zai ɗauka. Sau da yawa ƙara yawan zarurruka ya fi matsa wa 'yan kaɗan riba.